Gurbi Uku Ake Rufewa

A zauren bankinmu da ke titin Monroe akwai firam goma sha ɗaya jere a bango, kusa da ƙofar fita. Duk sun yi ƙura ban da guda ɗaya. Na lura da haka tun makona na farko, domin ni ban iya kallon idon mutane ba, bango nake kallo. Wanda ba shi da ƙurar shi ne ɗan ƙaraminsu, can ƙarshe, bayan tukunyar fure. Sanarwa ce mai layi biyar wadda doka ta ce banki ya liƙa: duk mai son ganin bayanin bashin gidaje da bankin ya bayar da wanda ya hana, ya tambaya a ba shi. Ban taɓa ganin wani ya tsaya ya karanta ta ba. Amma gilashinta kullum fes.

Sai da na yi sati uku na ga mai goge ta. Na iso da wuri, na tarar da Mista Wendell Gaither tsaye a gabanta, bai ko cire hula ba. Ya huro wa gilashin iska, ya goge da hankicinsa, ya ja da baya ya duba, sannan ya nufi matakalar ƙasa. Bai san na gan shi ba.

A ƙarƙashinsa aka sa ni. Na gama jami'a a nan Toledo a shekarar 2003, na karanta lissafi, na nemi aiki a bankin. Da suka gwada ni a kan kanta kwana biyu suka ga muryata ba ta ƙetare gilashi, sai manaja, Mista Dale Nowicki, ya ce in sauka ƙasa wurin Wendell, can ba a bukatar murya.

Ɗakin ƙasan ba shi da taga. Tebur biyu ne, da injin kwafi mai tari kamar tsoho, da kabad ɗin ƙarfe guda huɗu. Mista Gaither dogo ne, siriri, shekararsa sittin da ɗaya a lokacin, kullum cikin farar riga da nakatai mai ruwan ƙasa. Ni ’yar shekara ashirin da biyu, amma bai taɓa kirana Renita kawai ba. Mis Renita yake cewa, kamar wata malamar makaranta.

Aikinsa shi ne rajistar masu neman bashin gida. Duk wanda ya nemi rancen sayen gida ko na gyaransa a bankinmu, ko an ba shi ko an hana shi, yana da layi ɗaya a cikinta. Babu suna. Lambobi ne zalla: nawa ya nema, nawa yake samu a shekara, namiji ne ko mace, baƙi ne ko fari, shi kaɗai ya sa hannu ko da wani, a wace unguwa gidan yake, da abin da banki ya yanke. Ana aika wa gwamnati ita duk shekara, kuma duk wanda ya shigo daga titi ya nema, dole a ba shi kwafi.

Ranar da ya fara koya mini, ya shimfiɗa shafi ɗaya, ya ɗora rula a kai.

“Gurbi uku ake rufewa, Mis Renita. Lambar takardar mutum, ranar da ya kawo, ranar da aka yanke. Don kada a gane ko wane ne. Uku. Ba huɗu ba.”

Kwamfuta za ta iya cire su da kanta, amma shi bai yarda da ita ba, don wai ta taɓa haɗiye masa layin ƙarshe na wani shafi. Da hannu yake yi. Ya bi gurbin da baƙin alƙalami mai kaurin baki, ya yi kwafi, ya sake yin kwafin kwafin, saboda idan sau ɗaya ne mutum zai iya ɗaga takardar sama ya hango rubutun ta bayan tawada. Bayan nan sai ƙirga. Mutum biyu za su ƙirga layukan, kowa shi kaɗai, da rula, a ga adadin ya yi daidai da na asali. Wannan dokar ba ta gwamnati ba ce, tasa ce. Kafin in zo, mai share ofis yake roƙa ta ƙirga masa.

Duk wannan yana yin sa kowace shekara, ko an nema ko ba a nema ba. A aljihun teburinsa akwai wani littafi mai koren bango inda yake rubuta sunan duk wanda ya zo nema. Shekara goma sha ɗaya, suna bakwai. Ɗalibai uku, ɗan jarida ɗaya, lauyoyi biyu, da wani mutum da ya zaci takardar neman aiki ce. Ya san su duka da ka, har da kalar rigar da suka sa.

Tarihinsa a guntu-guntu na samu, lokacin cin abincin rana, yana buɗe gwangwanin kifi da biskit, ni ina cin burodina. A Alabama aka haife shi. Yana da shekara tara ubansa ya kwaso su zuwa Toledo, ya kama aiki a kamfanin gilashi. Uban ya zaga bankuna huɗu yana neman rancen gida a bayan titin Dorr, babu wanda ya ko ba shi takardar cikewa. Daga baya ya sayi gidan a hannun wani dillali, yana biya wata-wata, har ya mutu takardar gidan ba ta shiga hannunsa ba. Shi Wendell ne ya ƙarasa biya. Ya shigo banki a 1973 a matsayin masinja. Da aka zo raba wannan aiki na bayanin jama'a, kowa ya noƙe, shi ya ɗaga hannu.

“Babana ya mutu yana zaton shi kaɗai aka ƙi,” in ji shi. “Da akwai irin wannan takardar a lokacinsa, da ya ga titin ne gaba ɗaya.”

Unguwarsu a rajista ita ce mai lamba ashirin da shida. Yakan nuna mini ita da bakin rula kamar mai nuna hoton iyali. Matarsa kuwa, Odessa, tana Alabama tana jinyar mahaifiyarta. Haka ya gaya mini, haka kowa a banki ya sani. Ɗansu ɗaya yana Texas, yakan kira ranar Kirsimeti.

Suna na takwas ya zo a ƙarshen watan Fabrairu, ranar da dusar ƙanƙara ta narke ta zama taɓo. Na hau sama kai wasu takardu, na ji wata murya ta cika zauren. Wata gajeruwar tsohuwa ce cikin kwat mai ruwan goro, ta kafa jakarta a kan kanta.

“’Yata, ba rance na zo nema ba, na gaya miki sau biyu. Na zo ganin waɗanda kuka hana.”

Yarinyar kanta ta ce ba a ba da bayanin mutane, sirri ne.

“Sirri? To wancan da kuka ɓoye bayan fure fa, hoton kakarki ne?”

Yarinyar ta juya tana neman manaja. Ni kuwa na matsa, na ce da ita a hankali, “Hajarki tana ƙasa, ki biyo ni.” Sai da na maimaita kafin ta ji.

Da muka shiga ɗakin ƙasa Mista Gaither ya miƙe da sauri har kujerarsa ta daki kabad.

“Sista Lenora!”

“Ɗan'uwa Wendell! Au, nan suka binne ka? Shekara talatin kana ce mana kana aiki a banki, ashe a ƙarƙashin banki kake.”

Ya yi dariya, ya share mata kujera da hankicin nan. Sista Lenora Pettway ce, gidanta na kallon nasa, cocinsu ɗaya. Ta yi shekara ashirin da takwas tana koyar da ’yan aji uku, har yanzu haka take kallon kowa. Ta ce matan cocinsu sun kafa kwamiti. Gidaje na ta ruɓewa a titinsu, kowa ya je neman kuɗin gyara sai ya dawo hannu biyu, kuma kowa na jin kunyar faɗa. Suna bin bankuna ɗaya bayan ɗaya suna karɓar rajista, za su zauna su tsince layukan unguwar ashirin da shida, su karanta a taron coci.

Na kalli fuskarsa. Shekara goma sha ɗaya yana jiran mai wannan maganar. Ya ciro koren littafi, ya miƙa mata alƙalami da hannu biyu. Ya ce tun da ta zo kafin ɗaya ga Maris, doka ta ce ta samu kafin Maris ɗin ya ƙare.

Tana gyara kwat za ta fita ta ce, “Kai ma wannan shuɗin tamfol da ka lulluɓe rufinka da shi, sai yaushe? Iska na kaɗa shi yana hana ni barci, kamar jirgin ruwa zai tashi.”

“Ana kan hanya, Sista.”

“Tun bara ake kan hanya. Yaya jikin uwar Odessa?”

“Da sauƙi.”

“Wannan tsohuwa za ta binne mu duka. In Odessa ta bugo waya ka ce mata kujerarta a cikin mawaƙan coci har yanzu ba wanda ya zauna. Ka gaishe ta.”

“Za ta ji.”

Bayan ta fita ya daɗe tsaye, hannunsa a kan koren littafin. Na ɗauka murna ce.

Da rana Mista Nowicki ya sauko, abin da ba ya yi sai in injin kwafin sama ya lalace. Ya tsaya a bakin ƙofa da kofinsa.

“Gwamnan rami! Na ji ka yi baƙuwa. Mu yanka kek?”

“Mace ɗaya ce, Mista Nowicki.”

“Mace ɗaya mai bakin mutum goma. Ka ji, kada ka yi mata gaggawa. Ranar ƙarshe, ƙarfe biyar saura minti biyar. Kuma shafi rabin dala.”

“Senti goma ne shafi.”

“Wa ya ce?”

“Abin da takarda da tawada suke ci ke nan. Na lissafa.”

“Ka lissafa! Renita, kin ji? Wannan in ya mutu sai ya ƙirga ƙusoshin akwatinsa kafin ya kwanta.” Ya kurɓi kofi. “To, senti goma. Amma kada ka ƙara mata ko waƙafi a kan abin da doka ta ce.”

“Ba ƙari, ba ragi,” in ji Mista Gaither.

Rajistar bara layi ɗari shida da goma sha biyu ce, ashirin da biyar a kowane shafi. Aikin kwana uku ne, amma ya shafe mako biyu a kai. Ya daina ba ni labari lokacin abinci. Yakan buɗe gwangwanin kifin ya bar shi. Ranar wata Talata ya ɗaure kwafin da roba, ya ajiye a gefen teburinsa, ya ɗauki hularsa zai je gidan waya.

“In ƙirga?” na ce.

“A'a, bar shi, Mis Renita. Na ƙirga.”

Wata biyar ina zaune da shi, ban taɓa jin ya faɗi haka ba. Da ƙarar takalminsa ta ɓace a matakala na jawo kwafin, na ɗauki rula. Na ƙirga, ɗari shida da goma sha ɗaya. Na sake. Shafi na goma sha bakwai layi ashirin da huɗu ne. Babu gibi a tsakiya, babu tabo, sai dai farin da ke ƙasan shafin ya ɗan fi na sauran faɗi. An yanke layi ɗaya da reza, an haɗa takardar, an yi kwafi sau biyu har ɗinkin ya ɓace. Aiki ne mai tsabta. Mutum ɗaya na sani da zai iya shi.

Na buɗe ta asali. Layin da ya ɓata yana nan, na tara daga sama. Unguwa ashirin da shida. Rancen gyaran gida, dala dubu tara. Namiji, baƙi. Abin da yake samu, dubu talatin da huɗu. Hukunci, lamba uku, wato an hana. Dalili, darajar gidan ba ta kai ba. A gurbin wanda suka sa hannu tare, babu kowa.

Mutum biyar ne kacal suka nema daga unguwar a bara. Namiji ɗaya ne a cikinsu ya nemi kuɗin gyara. Shuɗin tamfol ya faɗo mini a rai.

Na mayar da komai yadda yake, na zauna. Na yi niyyar in yi shiru. Shiru ne abin da na fi iyawa. Ya dawo ya rataye hula, ya zauna, ya fara gyara fensir. Agogon bango na ta tafiya. Can dai, idona a kan rula, na ce:

“Mista Gaither, ɗari shida da sha ɗaya na samu.”

Bai ɗago ba. “Na ce ki bar shi.”

“Na riga na ƙirga.”

“To ki sake.”

“Na sake.”

Ya ajiye fensirin. Ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa. Na zaci faɗa zai yi. Da ya yi magana muryarsa kamar yana karanta mini wata doka.

“Ba hanin ne ya dame ni ba. Waɗanda suka hana ni suna hawa na uku, kullum muna gaisawa. Sun ce gidan bai kai ba, to bai kai ba. Haka suka ce da kowa a titin. Wancan gurbin ne, na wanda aka sa hannu tare.”

Ban tambaya ba, shi ya ci gaba.

“A titinmu ba a neman rance a kan gida mutum ɗaya in yana da mata. Gidan da sunanmu biyu yake zaune a bakin kowa. Ko tana Alabama, takarda ce, a aika ta sa hannu ta dawo da ita. Kuma Odessa na da fanshonta na kicin ɗin makaranta. Lenora ta san nawa ne, tare suka je cike takardun. Za ta ga dubu talatin da huɗu, ta ga babu kowa, shi ke nan. Matar da ta yi shekara ashirin da takwas tana kama yara da satar amsa.”

Sai ya gaya mini uwar Odessa ta rasu wata goma sha biyar da suka wuce. Ya je jana'iza, ya ɗauki hutun kwana uku ya ce mura ce. Bayan an binne ta ya ce da Odessa ta haɗa kaya, ta ce a'a. Ba faɗa, ba zagi. Suna zaune a barandar gidan uwar ta ce masa shekara talatin da biyar tana zaune da mutumin da ya fi yi wa takarda magana, yanzu tana son ta zauna inda in ta yi magana za a amsa. Ta sa masa kaza soyayya a leda ta raka shi tashar mota. Daga baya ta aiko da takarda ta bar masa gidan.

“Lahadin farko da na dawo suka ce yaya jikin tsohuwa. Na ce da sauƙi. Ban shirya ba, haka kawai ya fito. To in ka faɗa sau ɗaya, mako mai zuwa me za ka ce?”

Ya mayar da tabarau.

“Duk Lahadi sai sun yi mata addu'a, Mis Renita. Fasto ya kira sunanta, kowa ya ce amin. Ni ma in ce amin.”

Na ce, “Ba wanda zai ƙirga ai. Ita ba ta san adadin ba.”

“Ba ta sani ba.”

“Ni ma ba zan faɗa ba.”

“Na sani.” Ya dubi kabad ɗin ƙarfen. “Mutum biyar suka nema, an hana huɗu. In na cire nawa, uku cikin huɗu. Za ta tsaya gaban coci ta karanta uku cikin huɗu, da bakinta, a kan takardar da na ba ta.”

Ƙarfe biyar ya sa kwat ya ce sai gobe.

Kwana shida kwafin na zaune a gefen teburinsa da robarsa. Bai taɓa shi ba, ni ma ban taɓa ba. Muna aikin wasu abubuwan, muna cewa ina kwana, muna cewa sai gobe. Ɗakin bai taɓa yi mini shiru haka ba. Ranar Litinin na shigo na tarar da shi a gaban injin kwafi, hannun riga a naɗe, yatsunsa da baƙar tawada. Ya ɗauko kwafin ya ajiye a gabana, ya ɗora rula a kai.

“Ƙirga.”

Na ƙirga. Ɗari shida da goma sha biyu. Ya ɗauki waya ya kira Sista Lenora ya ce hajarta ta kammala. Saura kwana tara wa'adi ya cika.

Ta zo washegari da hantsi, da burodin masara naɗe a takarda, ta ce na ’yar nan ne mai magana kamar sauro, ta ci ta yi ƙiba. Ta biya dala biyu da rabi, ya rubuta mata rasit. Na yi zaton za ta sa a jaka ta tafi. Shi ma ina jin haka ya so. Amma ta ja kujera ta zauna, ta ciro tabarau da jan alƙalami.

“Ku nuna mini yadda ake karanta wannan rubutun aljanun. Bankin da na je jiya sun miƙo mini kamar suna ba kare ƙashi, ba wanda ya yi mini bayani.”

Ya tsaya a bayanta ya nuna mata gurbi-gurbi da bakin rula. Wannan kuɗin da aka nema. Wannan hukunci, ɗaya an bayar, uku an hana. Wannan wanda suka sa hannu tare. Wannan unguwa. Bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya koma teburinsa ya zauna ya haɗa hannu.

Ta fara bin shafukan da yatsa tana neman ashirin da shida. In ta samu ta zagaye da ja, tana gunaguni.

“Mace, dubu shida, an hana. Uhm. Wannan na san mai shi, ba zan faɗa ba. Allah ya isa dai... Wannan an ba su. To, su waye waɗannan masu sa'a?”

Ta kai shafi na goma sha bakwai. Yatsanta ya sauko ya tsaya. Ta bi layin daga hagu zuwa dama a hankali, leɓenta na motsi. Ta kai ƙarshe ta dawo tsakiya, ta tsaya a gurbi ɗaya. Ta daɗe a nan. Injin kwafi na ta ƙugi shi kaɗai. Ta cire tabarau ta dubi Mista Gaither. Shi yana kallon bango, inda babu komai sai kalanda.

“Ɗan'uwa Wendell.”

“Na'am, Sista.”

“Wannan layin. In karanta shi a taro?”

“Na jama'a ne, Sista Lenora. Ba nawa ba ne da zan hana.”

“Shekararka nawa a ginin nan?”

“Talatin da ɗaya a watan Yuni.”

Ta yi tsaki mai tsawo, ba da shi take ba. Ta zagaye layin da ja. Na lura da'irar ba ta rufe layin duka ba: ta kewaye kuɗin da hukuncin da unguwar, ta bar sauran a waje.

Ta ƙarasa shafukan ba ta ƙara gunaguni ba. Ta haɗa su ta sa a jaka, ta miƙe ta maɓalle kwat har wuya. A bakin ƙofa ta juyo kamar yadda ta saba.

“To, in ta bugo waya ka...”

Ta tsaya. Ta gyara igiyar jakarta a kafaɗa.

“Ranar Lahadi akwai abinci bayan sujada. Kada ka zame ta ƙofar baya kamar yadda kake yi. Ka zo da kwano mai murfi.”

“Zan duba, Sista.”

“Ba dubawa na ce ka yi ba.”

Muka ji takunta yana hawa matakala, a hankali fiye da yadda ta sauko. Mista Gaither ya jawo koren littafi, ya rubuta kwanan wata a gaban sunanta, da adadin shafi. Na yanka burodin masarar na tura masa rabi, ya ce na gode, Mis Renita, ya bar shi a kan takardar har yamma.

Ban san ko ya je cin abincin ranar Lahadi ba. Bai faɗa ba, ban tambaya ba. Na dai san daga ranar bai sake ambaton jinya ba, kuma ba mai kiran wayar ɗakin ƙasa sai masu neman wani ofishin.

Ranar da ta karɓi rajistar, da aka tashi, hadari ya haɗo daga wajen kogi. Ina tsaye a tashar bas na hango shi ya fito, ya ɗaga kai ya dubi sama. Ya tsallaka titi ya shiga shagon kayan gini. Da ya fito yana riƙe da sabuwar igiya ta ɗaure tamfol, ya rataya ta a hannu, ya tsaya a layi yana jiran bas ɗinsa.